Shekarar da Yayata Ta Sake Girma

Mai sayar da takalma ne ya fara lura. Wani Ibo ne da ya daɗe a kasuwar Zuru, a shagonsa muke sayen takalmin Kirsimeti tun muna yara. Yayata ta zauna a benci, ya kawo mata lambar da ta saba sawa, ƙafa ta ƙi shiga. Ya kawo wadda ta fi ta, ita ma ta ƙi.

Ya ɗago kai ya ce, "Madam, wannan ba ƙafarki ba ce."

Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

A lokacin Yaya ta haura shekara talatin, tana aure a Rikoto. Mijinta soja ne, jefi-jefi yake zuwa gida, ni kuma ina zaune a wurinta ina koyon ɗinki. Bayan ya zo hutu ya koma, al'adarta ta ɗauke. Gida ya cika da murna, don sun daɗe suna neman haihuwa. Surukarta ta taso daga Danko da kaji da buhun dawa.

Watanni suka shuɗe, ciki bai fito ba. Hannunta ne ya yi ta girma. Zoben aure ya nutse a yatsa har sai da maƙeri ya yanke shi. Haƙoranta suka fara rabuwa, haɓarta ta turo gaba. Ni da nake ganinta kullum ban ankara ba, sai ranar da kawunmu ya shigo gidan, ya gaishe ta kamar baƙuwa, ya tambaye ta ko matar gidan tana nan.

Ita ke ba da waƙa a zumuntar mata a coci. Wata Lahadi ta buɗe baki, murya ta fito mai kauri kamar ta namiji, mata suka juyo suna kallonta. Daga ranar ta koma kujerar baya. Wasu suka ce cikin ne ya kwanta, wasu suka ce hannu aka sa mata. Sai ƙishirwa ta biyo baya. Ta tsaya a bakin randa ta sha moɗa bayan moɗa, ta ɗaure kanta da ɗankwali tamau saboda ciwon kai.

Wata safiya muna tsallaka titi, mai babur ya taho daga gefenta yana ta oda. Ba ta tsaya ba. Na fizgo ta, muka zube tare a ƙasa.

"Yaya, ba ki gan shi ba?"

Ta daɗe tana kaɗe zaninta kafin ta ce, "Ba na ganin gefe. An jima da farawa. Kada ki gaya wa kowa."

Na gaya wa mijinta a waya ranar.

A asibiti aka ce sukarin jininta ya hau sosai. Likitan ya ƙura wa hannunta ido, ya tura mu Sakkwato a ɗauki hoton kanta. A can wata likita ta nuna mana wani tabo a hoton. Ta ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake, ita ke sako sinadarai cikin jini, masu gaya wa jiki ya girma ko ya tsaya, masu kuma tafiyar da al'adar mace. Ƙari ne ya fito a kanta. Yana ta zuba sinadarin girma, shi ya rinjayi wanda ke sauke sukari, ya danne na haihuwa, yanzu kuma ƙarin ya fara danne jijiyar ido.

Yaya ta ce, "Likita, to cikin fa?"

"Babu ciki, 'yar'uwa. Ba a taɓa yin sa ba."

Ta hanci aka yi aikin. Sukari ya sauka, ciwon kai ya lafa, amma ƙashin da ya girma ba ya komawa. An kuma ce mana ba duka aka iya cirewa ba, wani ɓangare ya manne kusa da babbar jijiyar jini, taɓa shi hatsari ne. Yana nan. Lokaci-lokaci muna hawa mota zuwa Sakkwato a auna shi. A hanya Yaya takan rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta dubi gonaki don gwada ganinta, sannan ta rufe ɗayan.