Ranar da Sanata Zai Faɗi Sunan Mai Tuwo

Jita-jitar da ta zaga kasuwar Shagari bara ita ce wai taubashiyata ta yanka jakin maigari ta zuba a miyar kuka, masu ci suka tashi suna harbin iska, shi ya sa ta rufe rumfar tuwonta ta gudo Bodinga. Har wani ya rantse ya tsinci kofato a kwanonsa. To jama'a, ku kwantar da hankalinku. Jakin yana nan da ransa, na gan shi da idona yana cin kara, ya ma fi maigarin ƙiba. Abin da ya koro ta ya fi jaki girma. Majalisar Dattawa ce ta Abuja.

Mairo zan kira ta a nan, ko da yake ba shi aka raɗa mata ba. Ɗiyar kawuna ce, ni ɗan mace, don haka tun muna yara a Sifawa nake da lasisin tsokanarta. Ni na yi boko har aji biyu na sakandare kafin boko ya gaji da ni, yanzu ina cajin waya a Bodinga. Ita ko allo kawai ta yi, sai tuƙin tuwo da ta koya wurin kakarmu. Aka aurar da ita wani ƙauye can bayan Kajiji, gidan Sama'ila manomin gero da albasa, mutumin da in ya yi magana sau biyu a yini sai a tambaya ko lafiya. Ta kafa rumfa a kasuwar ƙauyen. Malmalarta ɗaya in ta faɗo maka a ƙafa sai an kira mai ɗori, amma ana layi.

Mai tuwo tana ganin abin da maigari ba ya gani. Da aka fara kore shanun mutane, Mairo ta lura da wasu da ke sayen tuwo mai yawa ba su ci a wurin. A ɗaure a bayan babur, a haɗa da burodi da jarkar fetur, a nufi daji. Wanda ke biyan kuɗin kuma ɗan gari ne, da shi ake zama jaje in an yi satar. Ta haɗiye abin. Ko Sama'ila sai daga baya ya ji.

Sai Sanata Sodangi ya zo jaje. Ni aka ɗauka haya da janareta da lasifika, ita aka ba girki. A wurin taro sanata ya tambayi dattawa ko akwai wanda ya san wani abu. Kowa ya duƙar da kai, aka ce sai addu'a. Da ya shiga ɗakin maigari cin abinci, Mairo ta ce in ɗauko mata langar miya in biyo ta. A bakin ƙofa magatakardansa ya tare mu, ya ce ba mai shiga sai ya rubuta suna. Ta faɗi nata, da na mijinta, da na ƙauye.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka shi daɗe, ina da magana, amma ban iya yin ta cikin taro."

Ta zayyana masa komai, muryarta ƙasa-ƙasa. Sanata ya ajiye cokali.

"Maza sun kasa, ke kin yi," in ji shi. "Zan kai ƙudiri gaban majalisa kan wagga masifa. Kuma in na tashi, sai na ambaci sunanki Najeriya duk ta san ki."

Shi a ransa kyauta ya yi mata, irin wadda manya ke yi. Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ga 'yan siyasa sun turo ƙofa, aka yi waje da mu kamar kaji. Kafin in naɗe wayoyina motoci sun tashi.

A ƙauyen nan, wanda aka sani ya kai rahoto ba ya kwana gida. Mun ga yadda aka yi da wasu. Muka shiga neman sanata. Wayar magatakarda ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Ofishinsa na mazaɓa kuwa maigadi kawai muka tarar yana gyangyaɗi. Aka ce surukin direbansa na Bodinga, muka je, ya ce mu faɗi saƙon. Ta yaya za ka aika a ce wa mutum ya riƙe sirri ba tare da ka ba ɗan aiken sirrin ba? Muka ce gaisuwa ce, muka fito.

Da rediyo ya ce ran Talata za a gabatar da ƙudirin, Mairo ta rufe rumfa, ta kwaso yara da ƙullin kaya ta sauka gidana. Sama'ila ya ƙi biyo ta, don gero ya nuna, saura yanka. Ya ce zai zauna a gona da babur yana fuskantar hanya. In aka faɗi sunan, in kira shi, ya bar geron ga tsuntsaye da gidan ga Allah.

Ran Talata shagona ya cika, don ni ke da talabijin mai kama zaman majalisa. Cikin masu kallo har da wani ɗan kabu-kabu daga wajen Kajiji wanda Mairo ta taɓa gani da jarka. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta ja mayafi, kamar mai jiran wayarta ta cika. Majalisa kuwa ba ta sauri. Aka yi addu'a, aka karanta wasiƙu, wasu biyu suka yi ta musu kan wa ya riga ɗaga hannu. Aka ɗauke wuta. Na ja janareta har kafaɗata ta kusa fita, ya tashi daidai lokacin da Sanata Sodangi ke gyara babbar riga.

Da Turanci yake magana, aka ce in fassara. Turancina rabi da kwata ne, inda ya ƙare in cike da nawa. Ranar ko ƙarin gishiri na kasa. Na ce yana maganar shanu, yana maganar manoman da suka bar gonaki, yana roƙon a turo jami'an tsaro a kuma bi diddigin masu kai abinci daji. Mairo ba ta jin ko kalma ɗaya, kuma ba ta buƙata. A cikin Turancin nan duka, sunanta kawai za ta gane, da ita da ɗan kabu-kabun.

Sai na ji ya ce akwai wata mace jaruma a wani ƙauye na mazaɓarsa. Babban yatsana na kan lambar Sama'ila. Sanata ya ɗaga takarda ya kawo kusa da tabarau. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya taɓa hula. Sannan ya ce da Hausa, "Mai sunan Innata."

Shugaban majalisa ya yi dariya ya ce a faɗi sunan mana a rubuta. Sanata ya ce a wurinmu ɗa ba ya kama sunan uwarsa, ko a gaban alƙali. Zaure ya fashe da dariya, wani ya tashi ya goyi baya, aka ce masu e sun yi rinjaye, aka buga guduma.

Ban ɗage yatsa daga lambar ba, don ɗan kabu-kabun ya juyo ya ce, "Wai mi as sunan uwar sanata?"

Malam Ummaru tela, wanda ya girmi kowa a wurin, ya yi ta sosa gemu. Na ji kamar in cusa masa caja a baki. Can ya ce, "Ni dai tun ina yaro Ta-Allah nike ji ana ce mata. Sunan yanka kau sai ka tambayi wanda ya raɗa, yana maƙabarta."

Har yau ban sani ba ko sanata ya tuna da hatsarin ne ya fake da alkunya, ko sunan ne kawai ya zo daidai da na tsohuwar. Magatakarda dai yana da shi a rubuce, wannan kuma bai bar mu mun yi barci mai nauyi ba. Mairo ta koma, aka yanke gero, ta buɗe rumfa. Masu jarka sun ragu amma ba su ƙare ba. Suna zuwa, tana zuba musu.

Kwanan baya na je cin tuwon banza, na jira rumfa ta watse, na durƙusa na ce, "Ranki shi daɗe, mai girma sanatar tuwo da miya! Zan rubuta tarihinki a karanta har Sakkwato. In sa sunan da manyan baƙi ko ƙanana?"

Ba ta ko ɗago daga tukunya ba.

"Ɗanliti, mutum na gaban Najeriya duka da lasifika a baki ya ji kunya ya yi kurum, sai kai mai cajin waya? Rubuta. Amma ran da sunana ya hita bakinka, ba ni gudu ko'ina. Ce wa masu jarka zan yi kai ka kitsa min maganar, ni miya kawai na kai. Shagonka kau bakin titi yake, ba su ɓata."