Saniyar da Aka Tatsa Babu Maraƙi

Ana idar da sallar asuba muka bar Gusau, mu uku: ni, daraktan da ya mayar da littafina fim, da mai kula da na'urar haskawa. Kashi na biyu muka ɗauko za mu nuna a Anka, Bukkuyum da Gummi. Masu bibiyata sun san yadda na farko ya ƙare. Labarin aljana ne mai shigar 'yar tallar nono, amma da aka haska shi a garinmu Gummi dariya aka yi ta yi, har aka laƙaba mini "mai aljanar hoda", saboda hodar da aka shafe wa aljanar fuska da ita. Na riga na ƙudurta cewa in aka sake yi mini dariya, na bar rubuta labarin tsoro ke nan.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, ramukan hanya kuwa suna nan yadda na bar su. A Anka muka karya da waina mai zafi, sannan muka ari gidan kallon ƙwallo. Da hantsi muka haska, don hanyoyin nan ba a son yamma ta riski mutum a kansu. Aka toshe kafofin kwano da buhuna aka samu duhu. 'Yan kabu-kabu suka cika benci. Da idanun aljana suka rine ja, wurin da darakta ya fi alfahari da shi, sai wani daga baya ya ce, "Wagga ciwon ido ag gare ta, a kai ta asibiti." Ba a fashe da dariya ba, amma na ga kafaɗu suna rawa. Raina ya ɓaci, ko hocen da aka kawo mana ban taɓa ba.

Washegari muka isa Bukkuyum ranar kasuwa. Makiyaya daga wajen Gwashi da suka gama ciniki suka shigo da sandunansu, suka zauna gaba-gaba. Jan ido bai dame su ba, ƙarar kiɗan ma hira suke a kanta. Sai aka zo wani ɗan wuri da mu ba mu ɗauke shi komai ba: yarinyar ta durƙusa tana tatsar saniya, ƙwarya tana cika. Ɗakin ya yi tsit. Na ji ana karanta ayatul kursiyyu ƙasa-ƙasa, wani kuma ya ɗauki takalmansa ya fice.

Bayan an tashi, wani dattijo a cikinsu ya riƙe mini hannu. "Malam, wa ab ba ka wanga sani? Saniya ba ta sakin nono sai ɗanta ya hwara tsotsa. Wadda tat tatse ta babu maraƙi, tun nan munka san ba mutum ta ba."

Na kalli darakta, ya sunkuyar da kai. Saniyar aro ce, ko ɗa ba ta da shi, madarar gari aka dama aka zuba a ƙwarya.

Kafin mu kai Gummi labari ya riga mu. Gidan kallo ya cika har ƙofa, kuma a daidai wurin nan aka sake yin shiru. Babu wanda ya ambaci hoda. Na ji daɗi ƙwarai, na ci tuwon dawa da miyar kifi har na nemi ƙari. Inna, mahaifiyata, ta kalli fim ɗin a waya tare da maƙwabta, hannunta kan baki. Da suka watse na zauna kusa da ita na gaya mata gaskiya, cewa kuskure ne muka yi.

"Wa kag gaya ma bayan ni?"

"Babu kowa, Inna."

"To bar shi nan. Shekara guda ina zuwa suna da biki ana yi min dariya."

Ban taɓa sanin ita ma ta sha wannan dariyar ba.

Washegari muka dawo Gusau lafiya kafin la'asar. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mutanenmu ba jan ido ke tsorata su ba, abin da suka sani sarai ne in ya karkace kaɗan. Ban ajiye alƙalami ba, amma kafin in sake rubuta layi ɗaya sai na je ruga na zauna na koyi tatsa. Sirrin kuwa ga shi na faɗa muku. Don Allah kada wanda ya kai wa Inna.