Gwaggo Gola da Ƙarfen Raga

A gyara zama, a kashe rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu! Ga ta nan tafe, katangar da ba ta tsagewa, mai hannun danƙo, wadda ƙwallo ke hangowa ta canza shawara, tsohuwar mai tsaron ragar ƙungiyoyin mata har huɗu, duk sun mutu sun bar ta da rai: Gwaggo Gola! Yanzu dai injin markaɗe take tadawa a bakin layinmu, amma wannan a rage murya wajen faɗinsa.

Gwaggo yayar babanmu ce, kuma da gaske ta buga ƙwallo a matsayin sana'a. Sai dai duk ƙungiyar da ta shiga, kamar ta shiga da likkafani a jaka. Ta farko ta wani mai kamfanin sabulu ce. Da ya gane 'yan wasan ba sa ƙara masa ciniki, sai ƙarar masa da sabulu wajen wankin jesi, ya ce a watse. Ta biyu, sun zo atisaye da safe suka tarar an sauke bulo a tsakiyar fili, birkila na tambayarsu ko su ne masu ɗibar ruwan. Ta uku kuwa ana hutun rabin lokaci mai ƙungiyar ya sayar da motarsu. Sun ci wasan, suka dawo gida a bayan motar kaji. Ta huɗu ba za a ce mutuwa ta yi ba, ɓacewa ta yi: Gwaggo ta zo da safar hannunta ta tsaya inda ta saba tsayawa, ta waiga baya, babu raga. Har turakun an tuge, sai ramuka biyu suna kallonta.

Daga waɗannan ramukan ta samo ilminta, wanda ba a koyar da shi a kowace makaranta. "Wanda ke da niyyar gudu," in ji ta, "ba ya binne turke da siminti. Kada ki saurari bakin koci. Ki tambayi ƙarfe."

To ana nan sai ƙanwata Tsinke, wadda iska mai ƙarfi kan iya sauya wa hanya amma ƙafarta ta hagu kamar guduma, ta ce ita ƙungiyar yara take son shiga. Babanmu direban babbar mota ne, yana ɗaure takalmi ya ce, "Yaya ce ta san ƙwallo. Inda ta ce, nan ne." Ya ja mota ya bar yarinya a hannun ƙaddara.

Gwaggo ta kashe inji, ta ɗora bencin shago a ka, ta ce, "Wuce mu je." Dabararta ita ce ta hau benci, ta kama ƙarfen saman raga, ta saki jiki. In ya ɗauke ta, ƙungiya za ta daɗe. Abin da ta manta shi ne, zamanin da take gola tsintsiya ta fi ta kauri, yanzu kuwa tela sai ya zagaya ta kafin tef ya haɗu.

Fili na farko na masu hali ne: ciyawa kamar darduma, yara da gorunan ruwa iri ɗaya, koci da tabarau a goshi yana ta zuba bayani kan makomar yara mata. Gwaggo ba ta ko kalle shi ba. Ƙasan raga ta zuba wa ido.

"Malam koci, wannan mene ne?"

"Taya ce, Mama. Don a riƙa matsar da ragar cikin sauƙi."

"Raga mai taya!" Ta tura da yatsa ɗaya, raga ta gangara ta nufi ƙofa. "Kin gani, Tsinke? Ta ma san hanya."

A fili na biyu ta samu ta hau. Ta kama, ta saki jiki, ƙarfe ya yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya lanƙwasa a hankali har ya sauke ta ƙasa cikin ladabi. Koci ya ɗora hannu a ka. Gwaggo ta karkaɗe tafi ta ce masa ya gode wa Allah, gara ya ji gaskiya da wuri.

Kafin sati ya zagayo labari ya gama gari. Masu gadin filaye da sun hango mace da benci a ka sai su ja ƙofa su murɗa makulli. Wani koci ya rungume turkensa yana rantsuwa sai dai ta rataya a wuyansa. Ƙawayen Tsinke duk sun samu jesi da lamba a baya, rajista na shirin rufewa, ita kuwa tana bayan gida tana dukan bango da ƙwallo, bangon ma ya gaji. Ta daina cin abinci sosai, wanda a jikin Tsinke ba ƙaramin ganganci ba ne. Gwaggo na ganinta, zuciyarta na sosuwa, amma da ta tuna warin motar kaji sai ta ƙara ɗaure ɗankwali. Ba za ta bari 'yar ƙaninta ta waiga baya ta ga ramuka ba.

Fili ɗaya ya rage, can bayan garejin makanikai, ƙasa ce zalla da tabon baƙin mai. Kocinsu wata gajeriyar mace ce mai ɗinkin labule, usur a wuya, allura a haɓar mayafi. Ba ta hana ba. Ta ce Tsinke ta shiga cikin yara ta ɗan taɓa kafin babba ta gama bincike.

Turakun nan kuwa kaurin cinya, sun yi tsatsa kamar sun ga zamanin kakanni. Gwaggo ta hau benci, ta kama, ta saki jiki. Shiru. Ta yi lilo gaba, ta yi baya. Ko gezau. Fuskarta ta washe kamar an ce an dawo da wuta.

"Yauwa! Ga mutanen da suka zo zama!"

Daidai nan Tsinke ta saki ta hagu. Ƙwallo ta zo da fushin kwana da kwanaki, ta daki benci, benci ya yi tsalle ya kwanta can gefe. Gwaggo na reto a sama, ta ce wa koci, "Ƙanwata, wa ya binne muku wannan? Allah ya yi masa albarka."

"Ai nan muka same shi, Yaya. Ƙungiya uku sun mutu a ƙarƙashinsa. 'Yan gwangwan ma sun zo da diga sun kasa tuge shi."

Murmushi ya sauka daga fuskar Gwaggo, ita ba ta sauka ba.

"Tsinke. Kawo benci, tafiya za mu yi."

Tsinke ta je ta ɗaga benci, ta kakkaɓe shi, ta zauna a kai.

"Ke! Da wa nake magana?"

"Gwaggo, sai kin ce nan ne."

"Maƙabartar ƙungiyoyi ce wannan, 'yar nema! Ba ki ji ba?"

"Na ji. Ke ma huɗu suka mutu a hannunki, ga ki nan ko ƙarfe tsoronki yake."

"Zan gaya wa ubanki!"

"Ya ce inda kika ce. Ki ce."

Yara suka kewaye su. Makanikai suka fito da sifana a hannu suna ba da shawara. Gumi na ɗiga daga haɓar Gwaggo, tsohon ciwon gwiwarta na gargaɗinta kada ta kuskura ta dira. Tsakanin ƙafarta da ƙasa bai wuce taku ɗaya ba, amma tumbi ya tare mata gani, kuma duk filin ba a samu mai tsoron Allah ɗaya da zai gaya mata ba.

"In sun watse fa?" Muryarta ta yi ƙasa.

"Sai mu ɗauki benci mu nemi wata."

Yatsu suka fara zamewa. "Nan ne! Nan ne, ja'ira! Malama koci, rubuta ta!"

Aka rubuta Tsinke, aka ba ta jesi da ta kai mata gwiwa, koci ta ce za ta rage mata da kanta.

Washegari na sami Gwaggo a shago, na cire hula na durƙusa. Na ce, "Ranki ya daɗe, gwanar gwanaye, wadda ta yi shawagi tsakanin sama da ƙasa saboda makomar ƙwallon mata! Duniya na jiran jawabinki. Me za ki ce wa masu tasowa?"

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai da ba a taɓa ɗauka ko a tsintar ƙwallo ba. Riƙe min bokitin nan."