Mai Kiwon Aljanu a Kujerar Aski

Wanzami Don Anselmo ya tsufa yana aski a birnin Barranquilla na ƙasar Kolombiya, amma sai yau ya ga wanda ya zo da ofishinsa a cinya. Baƙon siriri ne, idanu jawur, katin aiki na reto a wuyansa kamar laya. Rabin kai a aske, rabi na jira, shi kuwa yana ta ƙwanƙwasa kwamfuta, waya maƙale a kafaɗa.

"Minti biyar, ranka ya daɗe," yake ce wa wayar. Da gani, wannan minti biyar ɗin ya sha cinye masa biki, wataƙila har da budurwa.

"Ɗana, mutuwa aka yi?" in ji Don Anselmo.

"Kwamfutocin kamfaninmu ne, Baba. Ba su da jiki, duk a cikin babbar na'ura ɗaya suke zaune. Jiya na ɗan taɓa wani abu, yau ba mai motsi. In ba su tashi ba, aikina ya tafi."

"Ashe aljanu kake kiwo. Allah ya yi wa garken albarka."

Baƙon bai yi dariya ba. Ya yi alamar gicciye a ɓoye, ya danna maɓallin kwamfutar, ya riƙe numfashi. Can sai ya zabura.

"Sun tashi! Na mayar da su yadda suke shekaranjiya!"

Zaburar nan ta sa injin askin da Don Anselmo ke bin kansa da shi ya share masa titi daga kunne har tsakar ka. Don Anselmo ya dubi ɓarnar, ya miƙa masa madubi.

"To gwani, danna mana wannan ma ya koma shekaranjiya."