Ramukan Yaya Idi

Shekara tara ke nan da digar yayana Idi ta sari wani ƙarfe a faƙon da ke gabas da garinmu, wajen Tajaye. Tsohon bom ne da bai fashe ba, ragowar atisayen soji tun muna samari. Ya jira Yaya, ya tashi da shi.

Yaya mutum ne mai haƙa tassa, ramukan nan da ake zuba taki a ciki su riƙe ruwan sama, har hatsi ya fito inda ko ciyawa ta ƙi. Ni kuwa noma na tamkar susar kaza ne. Zurfin haƙa ya kashe shi, lalaci ya bar ni ina cin tuwo. Ban taɓa gane wannan rabon ba, kuma na gaji da neman ganewa.

Tun ranar ba mai taka gonar. Matarsa Hajo ta raini 'ya'ya da hatsin awo, ga gona tana kallo.

Bana aka zo da wata na'ura mai taya, kamar ƙaramin amalanke. Lakwal ɗina, wato karatun boko, aji biyu ne, na biyun ma a bakin taga na yi shi, amma na riƙe bayanin mai turata. Tana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, ƙarfe ya amsa. Gwangwani nan take yake shiru, bom mai kauri yakan daɗe yana amsawa. Da haka suke sanin inda za su tona a hankali. Sun ciro tsofaffin hauyoyi, da bom biyu. Ɗaya yana gindin gawon da nake barcin rana a da.

Da Yaya ya ga wannan, ba mamaki zai yi ba. Cewa zai yi, ina na'urar take tun can?

Sun ce gona ta yi tsabta, iyakar zurfin da na'ura ke ji. Kalmar "iyakar" ta hana kowa motsi, ga hadari ya fara haɗowa, samarin gidan duk suna cin rani.

Hajo ta ajiye diga a gabana. "Kai, sarkin inuwa, in ba ka sara ba, bana ma awo za mu ci."

Na sara. Ramin bai kai tafin hannu ba. Kusa da shi tsofaffin ramukan Yaya ne, sun cike da yashi, amma da aka yi ruwan fari, su suka fara riƙe shi. A cikinsu muka shuka.