Na Ce Masa Lafiyarta Lau

Tun ranar sunan ɗiyata nake ɗauke da wani tsoro, don ba a cire mata beli ba. A lokacin ban cika shekara ashirin ba, 'yar ƙauye ce ni daga wajen Tabla, aji biyu na yi a lakwal aka fidda ni. Maigidana shi ne likitan Filinge, irin waɗanda aka koyar a Dakar, masu yin duk aikin lokotoro amma ba su da babbar takardarsa. Ranar suna, da wanzami ya fiddo 'yar ƙugiyarsa, maigida ya ce aski kawai za a yi. Mata suka yi ta kallon juna. Daga ranar, ko tari yarinyar ta yi sai in fita da ita rana in buɗe bakinta in leƙa.

Neman babbar takardar nan shi ya cinye mana gida. Ya taɓa gaya mini cewa shi ke ɗinke wanda sa ya soka, shi ke karɓar haihuwa mai gardama, amma in Bature ɗan shekaranjiya ya zo daga Yamai, shi ne mai riƙe masa jaka. To sai aka ce wanda ya ci wata jarrabawa a Yamai zai koma Dakar ya ƙarasa karatu. Da safe layin marasa lafiya har gindin gawo, bayan azahar ya shige ɗaki da littattafai, in na kai tuwo in iske na jiya ƙuda na bin sa. Yana kuma da wani littafi mai baƙin bango da yake yawon ƙauyukan Kurfai da shi, yana tambayar matan da jariransu suka mutu bayan cire beli. Ya ce a kan wannan zai yi rubutun takardarsa.

Saura kwana huɗu ya tafi jarrabawa, yarinyar ta fara zawo, ta ƙi nono. Watanta bakwai. 'Yar fari ce, kun kuwa san al'adarmu: ba na faɗin sunanta, ba na yi mata wasa gaban mutane, balle in tsaya gaban miji ina nuna na damu da ita. Ga gwaggona zaune da mu tun wankan jego, ba abin da ke wuce idonta. Ga shi kuma shi ya rame, idanu jajir don karatu, na ce wa raina kada in ƙara masa. Ranar tafiya, motar kaya na jiransa, ya tsaya tsakar gida da jaka a hannu ya tambaye ni yaya yarinyar. Tana goye a bayana, na lulluɓe ta da zane. Gwaggo tana tankaɗe, ta ɗago kai tana kallona. Na ce lafiyarta lau, barci take. Ya taɓa ƙafarta ta saman zane ya fita.

Bayan kwana biyu kasuwa ta ci. Gwaggo ta ce belin ne ya sauko ya tokare mata maƙogwaro, ta ce duk 'ya'yan gidanmu an cire musu, ga ni nan da raina har ina auren mai takarda. Ta ce in littafi nake jira ya shayar da yarinya, to in yi ta jira. Ba zan ɗora mata laifi ba, da ƙafata na bi ta har wurin wanzami. Wanzamin yana zaune bayan masu gero. Da ya gan ni ya yi dariya, ya ce ashe matar likita ma ta san hanya, kada in damu, lokotoro ba zai ji daga bakinsa ba. Ya gama da wani jariri ke nan, na ga ya goge ƙugiyar a gefen rigarsa. Na gani sarai. Ni na riƙe mata kai.

Jinin bai tsaya ba. Kafin la'asar zanena ya jiƙe. Na ruga da ita wurin dattijon mai allura da maigida ya bar wa gidan likita. Ya leƙa bakinta, ya yi iyakar yinsa, sannan ya je ya buga waya Yamai. Washegari da hantsi ta cika a hannuna. A ranar ce na fara kiran sunanta da ƙarfi, gaban kowa.

Wayar ta same shi ya yi rabin jarrabawa. Ya bar sauran ya taho, ya iske an rufe ta. Bai buge ni ba, bai sake ni ba. Bayan sadakar uku ya kira ni ɗakin karatu, ya buɗe baƙin littafin, ya yi mini tambayoyin da yake yi wa matan ƙauye: watanta nawa, da me aka yanka, an dafa ƙarfen ko ba a dafa ba. Da ya zo kan yaushe ciwon ya fara, na ce tun yana gida. Alƙalamin ya tsaya. Ya ce shi ma ai tambaya ya yi, bai ɗaga zanen ya duba ba. Ya rubuta.

Da shekara ta zagayo ya sake zaman jarrabawar, ya ci. Yanzu yana Dakar, ni ina gidanmu da ɗan da Allah ya ba mu daga baya, belinsa na nan, yana cin tuwonsa. Ɗiyata kuwa tana cikin takardar ubanta, layi ɗaya, ba suna. Ban ga laifin karatunsa ba. Ni ce na ɗauka shiruna taimako ne, na kuma fi jin tsoron idon gwaggo fiye da zafin jikin da nake ji a bayana. Likita yana kwana cikin gidana, ban buɗe baki ba.

'Yan uwana mata, in ɗa ba lafiya ku faɗa, ko na fari ne, ko gaban wa. Maza masu karatu, ku ajiye littafi ku duba da idonku. Kai kuma da ka iya karatu, ina roƙonka ka karanta wa matan gidanku wannan a bayyane, kafin ranar kasuwa.