Madam Haula, wadda ta ƙi haɗe fara biyu

"Ba ni yi, Shef."

Haka Madam Haula ta ce wa Mushe Abdurazak, shugaban wani furoje na yaƙi da ƙwarin gona a Tawa, hannunta na kan ordinatar, wato kwamfuta. Ya umarce ta da ta zuba farar gona da farar ɗango a lamba ɗaya, don lissafin ya yi daidai da rahoton saukar ɗango da ya riga ya aika Yamai.

"Madam, hwara ai hwara ce! Wa za ya buɗe mashin ya ƙirga mata ƙafafu?"

"Ni na ƙirga."

Aikinta ke nan tun kafin a kawo ordinatar. Da safe sai ta buɗe akwatunan ƙwarin da aka soke da allura, ta duba fiffike, ta duba ƙafa. Furoje uku suka bar mata jerin sunaye, kowa da nasa: ƙwaro guda ya fito sau uku, da tsohon sunan Latin, da sabo, da na Hausa ko Tamashek. Ita ke mayar da su wuri guda. Lantarki ya ɗauke, aikin yini ya goge, ta sake. Ana yajin aiki, tana zuwa zuba wa akwatunan magani kada gara ta cinye su.

Amma farar gona da farar ɗango ba ɗaya ba ne. In aka rubuta cewa ɗango ce ta sauka Takanamat da Tebaram, mota za ta fita da guba, a fesa a gonaki da makiyaya, a daidai lokacin da mata ke kamun farar gona su soya su kai kasuwa. Tanna, wata mai suyar fara a Takanamat, ita ke kawo wa Haula samfuri cikin ƙwarya, jikokinta na ci daga kaskonta.

"Ki danna, ko ki ba da makullin ofis," in ji Shef.

Ta ajiye makullin. Ta ɗauki akwati biyu ta kai gaban wasu baƙi da suka zo duba aikin daga Yamai, ta nuna musu bambancin farar biyu. Motar gubar ba ta fita ba.

Ke ce Haula, mai ido a fiffike. Mu 'yan matan lakwal, 'yan makaranta, da ake ce wa taurin kai ya yi mana yawa, mun gode, a wurinki muka ga amfaninsa. Wadda duk aka damƙa wa aiki, ta riƙe shi haka.

Sai dai kada a yaudari kowa. An ɗauke ta daga ordinatar, aka mayar da ita magaza, ɗakin ajiya, tana jera buhuna. Kundin da ta haɗa ya fito da sunan wasu. Bana za ta bar aiki a matsayin da ta shigo da shi, kuma a biron nan, wato ofishin, har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwarta.